Turofonin ɗin Mama ya ƙi sauka, zuciya ce ko tsoka?

Salam Likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema akan mahaifiyarmu, shekarunta 54. Wata takwas da suka wuce aka gano tana da ciwon kumburin tsoka wanda suke ce ma damatomayosaitis, ya fara mata ne da kasa tashi daga zaune da kasa ɗaga hannu ta taje kai, ga wani ja da ya fito mata a fatar ido da bayan yatsu. An ɗora ta akan firednisolon da metotirekzet, magungunan da ke danne garkuwar jiki su rage kumburi, kuma alhamdulillah ana ganin sauƙi. Toh wata biyu da suka wuce tayi ciwon ƙirji da daddare muka kaita imajansi, aka ɗebi jini akace turofonin T ɗinta 186 wai bai kamata ya wuce 14 ba, bayan awa uku aka sake ya nuna 179, wani gwajin jinin da ake ce ma CK-MB shima ya hau amma ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, lafiya lau. Likitan da muka tarar a daren yace bugun zuciya ne, aka riƙe ta kwana biyu ana mata allurar tsinka jini. Da muka koma wurin likitanta na ciwon tsokar sai yace mu manta da lambar daga tsoka take fitowa. Satin da ya wuce an sake gwadawa 158. Yanzu Yayanmu babba ya dage wai magungunan ne suke cinye mata zuciya a daina bata, ni kuma wlh bacci ya ƙaurace min sbd in ta hau bene sai kaji tana haki. Wa zamu yarda dashi?

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya yasa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku da hidimar da kuke yi.

Kafin komai, kafin ma ki gama karanta wannan amsar, ki kira Yaya ki roƙe shi kar a taɓa firednisolon ɗin nan. Wanda yayi wata takwas yana shan sa jikinsa ya riga ya rage yin nasa sinadarin na ainihi, wanda wasu ƴan ƙullutai da ke saman ƙoda suke samarwa, in aka yanke maganin rana ɗaya awon hawan jini zai iya faɗuwa ƙasa sosai, amai da galabaita su biyo baya har ta kai ga rasa rai, bayan haka kuma ciwon tsokar ya dawo da ƙarfinsa. A hankali ake janye shi kuma likitan da ya bada shi ne yake tsara yadda za'a janye. Zan dawo kan Yaya daga baya dan shima yana da tashi hujjar.

Game da likitocin nan biyu kuwa, a yadda kika zayyano min lambobin na fi karkata ga likitan tsoka akan inda turofonin ɗin yake fitowa. Inda na saɓa masa shine kalmar "ku manta", dan akwai gwaji guda ɗaya mai sauƙi da banga kin ambata an yi ba, kuma akwai hakin nan da har yanzu ba wanda ya bi diddiginsa.

Bari in miki bayanin abun da ake aunawa tukuna, in kika gane shi sauran duk zai zo miki da sauƙi. Turofonin wani furotin ne da yake cikin zaren tsoka, shi yake ba tsoka izinin ta matse ko ta saki, wani masani ɗan Japan mai suna Setsuro Ebashi ne ya gano shi a tsakiyar shekarun 1960. Kashi uku ne a haɗe, akwai C akwai I akwai T. Na C ba'a gwada shi dan na zuciya iri ɗaya ne da na wasu tsokokin jiki, bazai gaya miki komai ba. Amma I da T na zuciya ƙirarsu ta ɗan bambanta da na tsokar cinya ko ta kafaɗa, shi yasa in aka gansu suna yawo a jini ake cewa ƙwayoyin zuciya sun ji rauni sun zubar da abun da ke cikinsu. Wani likitan zuciya a Jamus, Hugo Katus, shi ya ƙirƙiro gwajin T ɗin a shekarun 1980, zuwa shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka maida turofonin ya zama shine ma'aunin da ake dogara dashi wajen cewa mutum ya samu bugun zuciya. Kinga kenan likitan imajansin nan ba shirme yayi ba. Mace mai shekara 54 ta shigo tsakar dare dafe da ƙirji, lamba ta ninka iyaka sau goma sha uku, ko ni ce a wurin bazan sallame ta in ce taje gida ba, dan sakaci da bugun zuciya ya fi kwana biyu a gadon asibiti tsada nesa ba kusa ba.

Sai dai kama da wane ba wane bane. Lokacin da ɗan adam yake cikin mahaifa tsokokin jikinsa suna yin irin turofonin T ɗin nan na zuciya, bayan haihuwa sai su daina su koma yin nasu. Toh ita tsokar da ciwon mayosaitis, wato kumburin tsoka irin na Mama, ya kama kullum cikin rushewa da sake gini take, garkuwar jiki tana lalata zare jiki yana saƙa sabo, su kuma sababbin zaren nan sai su koma ɗabi'ar ƙuruciya su fara fitar da T irin na zuciya, ya zubo cikin jini, na'urar lab ta kama shi ta rubuta lamba, ita ba ruwanta da ko daga ƙirji ya fito ko daga cinya. An daɗe ana zargin haka, a 2011 Allan Jaffe na asibitin Mayo a Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa tsoka mara lafiya tana iya ɗaga T alhali zuciya kalau take, a 2018 wasu masu bincike a Ostiriya suka ce mai yiwuwa gwajin ne yake ruɗewa da T na tsoka in yayi yawa, sai kuma a 2022 wasu daga Basel ta ƙasar Suwizalan suka duba yankan tsokar marasa lafiya suka tarar ƙwayar halittar da ke ƙera T na zuciya a kunne take a ciki. Ko wanne ne daga ciki, a wurin Mama duk ɗaya ne, T ɗinta zai iya zama a sama wata da watanni ba tare da zuciya tasan ana yi ba.

Shi kuwa I baida wannan halin. Tsokar jiki bata yin turofonin I na zuciya, ko a cikin mahaifa ko tana cikin gyaran kanta. Shi yasa ga mai ciwon tsoka I ne ake nema. In T yana sama I yana ƙasa, ECG lafiya, hoton zuciya lafiya, toh kusan an gama magana daga tsoka ne. In kuwa shima I ɗin ya tashi, nan fa ba zancen mantawa, sai an duba zuciya da kyau. Abun da yasa ba'a yi mata ba ina zaton ba ƙeta bace, yawancin asibitoci ɗaya suke ajiyewa, ko T ko I, ya danganta da injin da lab ɗinsu ya saya. Gwajin T mai kaifi, wanda ke kama ko ɗan kaɗan ne a jini, na kamfanin Roche ne, na I kuma kamfanoni da dama ke yi irinsu Abbott da Siemens da Beckman Coulter. Dan haka ki roƙi likitanta ya rubuta ƙarara cewa turofonin I yake so, ku kuma ku tambayi lab ɗin wanne suke yi tun kafin a soka mata allura, dan in kuka ce turofonin kawai wanda ke gabansu zasu yi muku ku sake dawowa da lambar da ta hanaki bacci.

CK-MB da kika ambata shi ma labarin ɗaya ne, har ya fi T rauni. Tsohon gwaji ne da ake amfani dashi kafin turofonin ya karɓe fage. Lafiyayyar tsokar jiki tana da shi ɗan kaɗan, zuciya tana da shi da yawa, shi yasa da can ake lissafa kashi nawa ne na CK gaba ɗaya, wato sinadarin da tsoka ke zubarwa cikin jini in ta ji rauni wanda MB wani nau'insa ne, in ya haura wajen kashi uku cikin ɗari a fara zargin zuciya. Amma tsokar da ke sake tofowa tana ƙara yawan MB ɗinta, ga CK ɗin mai mayosaitis dama yakan ninka na lafiyayye sau goma har sau hamsin, toh lissafin ya rushe kenan. Ni a wurin Mama CK-MB ko kallo bai ishe ni ba. Kuma tunda muna kan wannan, kar ki firgita in wata rana akace AST da ALT ɗinta, gwaje gwajen jini na hanta, sun hau wai hanta ta taɓu, suma tsoka tana fitar dasu, na sha ganin masu ciwon tsoka da aka yi ta yawo dasu ana neman ciwon hanta wata da watanni kafin wani ya tuna ya auna CK. Sai dai ita tana shan metotirekzet wanda da gaske yakan taɓa hanta, dan haka ba'a watsar da lambar, ana haɗawa ne da wani gwajin hantar mai suna GGT wanda tsoka bata fitarwa sai a gane daga ina ne.

Yanzu mu koma kan lambobinki guda uku dan ni sun fi min komai magana, 186 sai 179 sai 158. Bugun zuciya na gaske baya zama wuri ɗaya. In jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, turofonin yana fara tashi cikin ƴan awanni, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa wajen kwana ɗaya, sannan ya fara gangarowa, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya koma gidansa. Shi yasa ake ɗiban jini sau biyu, ba dan ba'a yarda da na farkon ba, motsin ake son gani. Ma'anar bugun zuciya da likitocin duniya suka amince da ita a 2018 ta raba abun gida biyu, akwai rauni na yanzu yanzu wanda lamba ke hawa ko sauka, akwai kuma wanda lamba ke zaune a sama bata wani motsi, in bambancin bai kai kashi 20 cikin ɗari ba ana lissafa shi a zaunanne. Na Mama daga 186 zuwa 179 ko kashi huɗu bai cika ba. Sannan bayan wata biyu cur har yanzu 158, da bugun zuciya ne a daren nan da tuni lambar ta koma ƙasa. Wannan zaman da tayi a sama tana ɗan zamowa sannu sannu yayin da tsokar ke samun sauƙi, shi yafi kama da na tsoka. Ki ɗauko takardun CK ɗinta na watannin nan ki jera su kusa da na T, ba mamaki kiga tare suke tafiya, koda yake wani lokacin CK yakan riga saukowa ya bar T a baya.

Ciwon ƙirjin daren kuwa abubuwa da yawa zasu iya kawo shi ga mai irin ciwonta, firednisolon yana tada ƙwannafi, shi kansa ciwon yana raunana tsokar haɗiya, tsokokin haƙarƙari ma suna iya ciwo. Ban duba ta ba bazan yanke ba, amma ki sani ba zuciya kaɗai ke zaune a ƙirji ba.

Toh ga inda nace ban yarda da "ku manta" ba. Zuciya ita ma tsoka ce, kuma ciwon nan yana iya kaiwa gare ta. Yana iya kumbura naman zuciyar kanta, yana iya taɓa hanyoyin lantarkin da ke daidaita bugawarta sai ta riƙa tsalle ko jinkiri, yana iya raunana ta har ta kasa tura jini yadda ya kamata, kuma sau da yawa a ɓoye yake farawa mara lafiya bai ji komai ba. Bayan wannan masu mayosaitis sun fi sauran mutane haɗarin toshewar jijiyar zuciya irin ta kowa da kowa, musamman a shekarar farko bayan an gano ciwon, Mama kuwa a cikin wannan shekarar take. Abun da nake tsoro shine a saba, kowa a gida da asibiti ya haddace cewa ai turofonin ɗin Mama dama a sama yake, ranar da na gasken zai zo sai ace irin na kullum ne. Wannan sabon ya fi lambar kanta haɗari.

Hakin nan shi na fi so ku bi, wlh ya fi 158 damuna. Ki lura dashi da kyau kafin ranar ganin likita, tun yaushe ya fara, ƙaruwa yake ko yana nan yadda yake, ƙafafunta ne suke gajiya har ta tsaya ko kuwa numfashin ne yake gaza mata, dan mutane suna haɗa biyun su kira su haki. Tana iya kwanciya flat ko sai an tara mata filo, tana farkawa cikin dare tana neman iska, ƙafa tana kumbura da yamma, akwai busasshen tari? Kowace amsa wani wuri take nunawa. In zuciya ce ta gaza yawanci zaki ga kumburin ƙafa da kasa kwanciya. In huhu ne zaki fi jin busasshen tari da hakin da ke ƙaruwa a hankali, kuma ciwon huhu mai sa shi ya yi tauri yana daga cikin manyan abokan tafiyar damatomayosaitis, musamman ga masu wasu sojojin garkuwa a jini irinsu Jo-1 da MDA5, ki tambaya ko an taɓa gwada mata su. Shi kansa metotirekzet yakan kumbura huhu jefi jefi. Tsokokin da ke jan numfashi suma suna iya raunana kamar yadda na cinya suka yi. Ga ƙarancin jini, ga ƙibar da firednisolon ke sawa, ga wata takwas na rashin motsi. In kuma hakin farat ɗaya ya zo ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ana tunanin gudan jini da ya tafi huhu, wanda shima yana ɗaga turofonin, wannan na gaggawa ne ba'a jiran ranar asibiti.

Dan haka abun da zan so a yi mata, bayan turofonin I, shine a sake ECG a kwatanta da na daren nan, a yi mata eko wato sikanin ɗin zuciya da ke nuna ƙarfin matsawarta da yadda ƙofofinta suke, sannan a haɗa da gwajin jini na NT-proBNP. Shi wannan ba raunin ƙwayoyi yake aunawa ba, zuciya ce take sakinsa in bangonta ya miƙe saboda nauyi, tsokar cinya bata da hannu a ciki. Ga wanda ba a gaggawa ya zo ba, in yana ƙasa da 125 da wuya ace gazawar zuciya ce ke sa haki. In ya hau kuma ba lallai ace zuciyar ta gaza ba, tsufa yana ɗaga shi, ciwon ƙoda yana ɗaga shi, hawan jini a jijiyoyin huhu ma haka, ƙiba kuma tana danne shi ya fito ƙasa da yadda yake. Sai gwajin hura iska na huhu, in likita yaga dalili a yi CT na ƙirji. In tana jin zuciyarta na tsalle ko jiri na ɗibarta akwai ƴar na'urar da ake maƙala wa mutum ya kwana da ita tana naɗar yadda zuciya ke bugawa na awa 24, Holta ake ce mata. MRI na zuciya shi ne yafi nuna kumburi ko tabo a naman zuciya, amma ba da shi ake farawa ba, sai in I ya tashi ko eko ya nuna wani abu.

Kuma kar in sa ki ɗauki I ɗin kamar wahayi, shima yana da nasa. Akwai mutanen da garkuwar jikinsu take manne wa turofonin I ta hana shi fita daga jini sai ya taru, lamba ta hau zuciya kuwa lafiya, masu ciwukan garkuwar jiki kuma jininsu dama cike yake da irin sojojin da kan ruɗa na'ura. In aka ga I ya hau amma komai da komai lafiya, lab na iya sake gwadawa da injin wani kamfanin ko su bi wata hanya su tace jinin. Ciwon ƙoda ma yana ɗaga turofonin duka biyun, T ya fi, dan haka a duba ƙodarta. Sannan lambar I ta wani lab ba'a kwatanta ta da ta wani, kowane kamfani da nasa iyakar, 14 ɗin da aka gaya muku ta T ce kar ki ɗora ta akan I, ki duba iyakar da aka buga a gefen takardar, wasu ma iyakar mata daban ta maza daban kuma ta mata ta fi ƙasa. Ki kula da ma'aunin kuma, wani lab zai rubuta ng/L wani ng/mL, tsakaninsu ninki dubu ne, 14 a na farko shine 0.014 a na biyu, na ga wanda ya kusa suma dan ya ɗauka lambarsa ta ninka dubu alhali lab kawai ya canza. Wani ƙaramin abu kuma, in tana shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu bitamin ɗin da ake kira bayotin da yawa, mata da dama suna sha in metotirekzet ya fara zubar musu da gashi, ki faɗa ma likita, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2017 cewa bayotin na iya sa wasu gwaje gwajen turofonin su fito ƙasa da gaskiya.

Akwai wani abu da baki tambaya ba amma ki duba min. Da aka sallamo ta daga kwana biyun nan, wane magani aka ƙara mata? In an rubuta bugun zuciya a fayil yawanci ana haɗo mutum da asfirin da wani maganin hana jini daskarewa da kuma sitatin na rage kitse. In da gaske tana buƙatarsu toh alheri ne, in kuwa akan lambar tsoka aka ɗora su, asfirin da firednisolon a ciki ɗaya suna ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini, shi kuma sitatin yakan taɓa tsoka ya dagula lissafin CK, har akwai nau'in mayosaitis guda mai alaƙa da sojan garkuwar da ake kira anti-HMGCR wanda masu shi ba'a basu sitatin sam. Kar ku daina komai da kanku, ku kwashi ledar magungunan gaba ɗaya ku kai, likitan zuciya da likitan tsoka su yi magana da juna su yanke, in bugun zuciyar bai tabbata ba a gyara abun da aka rubuta a fayil dan kar ya bi ta har abada.

Ki roƙi likitanta ya rubuta muku ƴar takarda, layi huɗu ma ya isa, sunan ciwonta, magungunanta, cewa T ɗinta yana zama tsakanin kaza da kaza, da lambar I ɗinta na lokacin da take zaune lafiya, ki ɗauki hotonta a waya tare da hoton ECG ɗin. Duk ranar da kuka sake zuwa imajansi likitan da bai santa ba zai samu abun kwatantawa, in T ya tashi daga 158 ya koma 400 cikin awanni wannan sabon abu ne ko da ciwon tsoka ko babu. Kuma takardar nan ba ta zama dalilin zama a gida ba. Nauyi ko matsewa a ƙirji da ya wuce ƴan mintuna, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, zufa mai sanyi, suma, numfashi ya gagara tana zaune, ku tafi a lokacin ko ƙarfe nawa ne. Mata da masu suga wani lokacin basa jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai tashin zuciya da wata irin gajiya da haki, kar ku jira sai ta dafe ƙirji.

Shi kuma Yaya kar ki yi masa gardama a gaban Mama, tsoro ne yake magana da bakinsa irin wanda ya hanaki bacci. Kuma ba gaba ɗaya ya kauce ba, firednisolon in an daɗe ana sha yana hawar da jini yana kawo suga yana ƙara kitse a jini, duk kuwa abokan gabar zuciya ne, shi yasa likitoci suke haɗa shi da irinsu metotirekzet dan su samu su rage shi da wuri. Abun da bai gani ba shine in ma ciwon ya taɓa zuciyar, waɗannan magungunan dai sune maganin, wani lokacin ma ƙarawa ake yi. Ki bashi aiki a hannu, ya riƙa auna mata hawan jini a gida yana rubutawa, ya tabbatar ana duba suga da kitse, ranar asibiti kuma ki ja shi ku tafi tare ya tambayi likita da bakinsa yaushe za'a fara rage firednisolon ɗin kuma zuwa nawa. In sakamakon I da eko suka fito ki sake rubuto min da lambobin da ma'aunin da ke gefensu, ki haɗo da na CK tun daga farko.